Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Greenbelt ce zangona na farko a Amurka, kuma a kan doguwar kujerar falon Yaya Haruna na yi shi. Na zo da sunan karatu, da jaka ɗaya da takalmin da ko raɓa ba ya tarewa, sai ga ni a tsakiyar sanyi ina karkarwa a bakin tashar jirgin ƙasa. Shi ya cire rigar sanyinsa ya yafa mini yana dariya, ya ce yau mai cika baki da sanyin Funtuwa ya gamu da gamonsa. Shekara biyu na yi a kan kujerar nan. Bai taɓa tambayata yaushe zan tashi ba, haka ma matarsa, Anti Rabi.

Dole in faɗi yadda muke da shi, don a nan duk abin ya ƙulle. Yaya Haruna ɗan Kawuna ne, wan mahaifiyata, kuma shi ne ɗan farin Inna Asabe, matar Kawu. Da aka yaye shi sai Ummata ta je Bakori ta goyo shi, lokacin ita ba ta haihu ba. A ɗakinta ya tashi, sunanta aka rubuta masa a makaranta, shi aka kwafa har cikin takardun fasfo. Ni na buɗe ido na gan shi yana yi mini wanka yana ranƙwashina, to me zan kira shi in ba yayana ba? A gidanmu duk wanda ya ce Haruna ɗan riƙo ne, mari yake nema.

Inna Asabe kuwa irin matan da ce masu kunyar ɗan fari. Ba ta kallonsa, ba ta zama inda yake, ba ta faɗin sunansa. In ya je gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa wa bango. In ya zama dole ta yi zancensa, "yaron Binta" take cewa, Binta kuwa ita ce Ummata. Duk 'ya'yan da ta haifa bayansa ba wanda ya yi rai, Kawu ma ya rasu, amma wannan bai sa ta sassauta ba.

Wata ranar Salla muna cikin cunkoson babban titin da ya zagaye birni, mota ba gaba ba baya, ya kira gida. Aka miƙa wa Inna waya. Ya gaishe ta, ta ce lafiya lau, a gai da Rabi, ta mayar da wayar. Ya yi dariya, sannan ya tsura wa bayan motar da ke gabanmu ido.

"Nafi'u," ya ce, "ka san abin da nake so? In ji yadda sunana yake a bakin Inna. Sau ɗaya kawai."

Ni da wauta sai na ce ya je kotu ya canza suna zuwa Yaron Binta, kowa ya huta. Ya kai mini duka a ƙeya, muka bar zancen.

Zango na biyu Alexandria, ta nan Amurka ba ta Masar ba. Su Yaya suka koma hawa na goma sha huɗu a wani dogon bene, ni ma na sami aiki na kama ɗaki a kusa. Sana'ar Yaya gyaran injinan wankin ƙoda ce. In inji ya tsaya a wani ƙaramin asibiti can cikin tsaunukan yamma, shi ake turawa, ya hau irin ƙananan jiragen nan masu farfela, ya je ya dawo a yini biyu. Ba ya son jiragen, yakan ce suna rawa kamar a-kori-kura a hanyar ƙauye. Amma in ya tuna akwai marasa lafiya da ke jiran inji, sai ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya fita.

Ranar da abin ya faru ya kira ni da hantsi daga filin jirgi. Ya ce an ɗage tashinsu sau biyu, can inda za su hazo ya rufe tsaunuka ga ruwan ƙanƙara, har wani kamfanin ma ya soke nasa jirgin gaba ɗaya. Na ce to ya dawo gida mana. Ya ce ai yanzu aka sanar za a tashi, kuma su da suke da na'urori sun fi mu sani. Ya ce in saya wa Anti Rabi garin masara in na tashi aiki. Maganarmu ta ƙarshe ke nan, garin masara.

Ina riƙe da ledar garin a hannu, bayan la'asar, Anti Rabi ta kira ni ta ce in kunna labarai. Jirgin ya nemi sauka cikin hazo bai ga hanya ba, ya bugi gefen tsauni ya kama da wuta. Ba wanda ya fita.

Zango na uku shi ne garin da ke gindin tsaunin. Anti Rabi ta shiga takaba, don haka ni na tafi. Aka tara mu iyalan mamata a zauren wani otal, aka jera mana kofi da kwalayen hankici, kamar hawaye ne kawai matsalarmu. Wani mai kwat daga kamfanin jirgin ya tsaya gabanmu da murya irin ta mai lallashin jariri, ya ce zukatansu suna tare da mu, ya ce yanayi ba ya hannun kowa. Sau huɗu ya ambaci yanayi, ina ƙirgawa. Na miƙe na tambaye shi, wancan kamfanin da ya soke tashi, wani sama daban gare shi? Ya ce ana kan bincike. Mu Musulmi ne, mun yarda da ƙaddara, kuma na san ranar Yaya ce ta yi. Amma yarda da ƙaddara bai hana a kira ganganci da sunansa ba. Hazo bai sayar wa kowa tikiti ba, kuma ba hazo ne ya yi sanarwa a lasifika ya ce a hau ba.

Da na zauna sai wata tsohuwar baturiya da ke gefena ta dafa mini hannu. Doris sunanta, ɗanta ne mataimakin matuƙin. Ta faɗa mini a hankali cewa ya kira ta kafin su tashi, ya ce tun asuba suke sama suna sauka suna tashi, ya gaji, kuma a wurinsu duk wanda ya cika cewa ba zai tashi ba ana sa masa ido. Na zo da niyyar tsinar matuƙan, sai ga uwar ɗaya tana riƙe da hannuna. Washegari da za a kai mu gindin tsaunin ta dubi takalmina ta girgiza kai, ta je bayan motarta ta ɗauko mini manyan takalman mijinta marigayi. Da su na taka dusar ƙanƙara har inda aka ja igiya. Daga nan muna hango wani baƙin tabo cikin itatuwa, iska kuma tana kawo warin man jirgi. Na yi wa Yaya addu'a, na haɗa da ɗanta.

A ranar ne na tafka kuskurena. Jami'ar ofishin binciken gawa ta kira mu ɗaya bayan ɗaya. Ta yi mini bayani cewa wuta ta ci jikkunan, ba a gane kowa da ido, sai da gwajin ƙwayoyin halitta, wato DNA. Ta tambayi likitan haƙoransa, na ce Yaya bai taɓa zuwa ba, da aswaki yake taƙama. Ta tambayi 'ya'ya, na ce Allah bai ba su ba. Ta ce to ni mene ne nasa? Na ce ƙaninsa.

"Uwa ɗaya uba ɗaya?" ta ce.

Raina ya ɓaci. Mutum yana can kan dutse ko sanyi bai gama yi ba, wata tana so in tsaya gabanta in ce ba yayana ba ne, in faɗi maganar da ban taɓa faɗa ba yana raye. Ta sake tambaya, ta ce abin yana da muhimmanci. Na dube ta ido cikin ido na ce uwa ɗaya uba ɗaya. Na sa hannu, aka goga mini auduga a cikin kumatu, na fito ina jin na kare mutuncin gidanmu.

Na koma Alexandria jira. Ranar sadakar uku matan da suka zo taya Anti Rabi zama suka yi abin da ake yi a gida: suka wanke kayan mamaci tas, suka rarraba sadaka, suka share banɗaki, aswakinsa da rezarsa da matajinsa duk suka tafi bola. Ba wanda ya ga laifi a ciki, ni ma har godiya na yi musu.

Daga nan aka fara sallamar gawawwaki. Doris ta kira ni ta ce ta binne ɗanta, ta ce in riƙe takalman. Wannan iyali suka karɓi nasu, wancan suka karɓa. Mu da addininmu ya ce kada gawa ta kwana, mu ne aka bari a baya. Kullum in na hau benen nan na tarar da Anti Rabi a kan darduma, tambayarta ɗaya ce: "Nafi'u, sun ce me?" Wasu suka ce a yi masa sallar ga'ib a huta. Ta ce ba za a yi wa mijinta sallar wanda ba a gani ba alhali yana kwance a firjin mutuware.

Sai a mako na uku jami'ar ta kira. Ta ce gwajin ya nuna akwai dangantaka tsakanina da gawar da ta rage, amma ba irin ta wa da ƙani ba. Ko dai wannan ba yayana ba ne, ko kuma ni ba ƙaninsa ba ne. Na hau ta da faɗa. Na ce gawa ɗaya ta rage, iyali ɗaya suka rage, wannan ai ko ɗan firamare ya iya shi. Ta ce doka ba ta yarda a ba da mutum da cewa shi ya rage ba. Ta tambayi buroshinsa ko matajinsa, na tuna duk sun tafi bola. A ƙarshe na faɗa mata gaskiya, na yi ta ƙoƙarin fassara mata riƙo, tana ta tambayata ina takardar kotu. Wace kotu? Ƙanwa ta je gidan wanta ta goyo yaro, sai an kira alƙali? Ta ce tunda akwai bayanin ƙarya guda a fayil da sa hannuna, yanzu ba abin da za ta karɓa sai na uwar da ta haife shi, kuma sai uwar ta faɗa da bakinta an naɗa, da tafinta wanda ba ni ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tana da gaskiya. Sau biyu ta tambaye ni.

Ana wata ga wata. A Fort Washington ake zaman makokin maza duk ƙarshen mako, a ɗakin ƙasa na gidan Dakta Sabo, dattijon 'yan Arewa a nan. Kafin in isa labari ya riga ni. Ina cire takalmi na ji Alhaji Mudi, wani ɗan kwangila da bai taɓa taka gidan Yaya ba sai da ya mutu, yana cewa ai ruwa ba ya tsami banza, wa ya san da irin takardun da aka shigo. Wani kuma ya rage murya ya ce ko dai uban ne ba uban ba. Mutumin da ya ɗauko rabinsu daga filin jirgi, ya nema wa wasu aiki, yau shi ake yi wa binciken asali a kan shinkafar sadakarsa. Ban san lokacin da na tsallake faranti na tsaya a kan Alhaji Mudi ba. Abin da na faɗa masa ba zai rubutu ba, kuma har yau ban ba shi haƙuri ba.

Dakta Sabo ya ja ni waje. "Nafi'u, kai ka ɗaure, kai za ka kwance," ya ce. "Bar su da bakinsu. Kira gida."

Wannan kiran ya fi mini hawan tsaunin wuya. Yaya zan ce wa Umma takardar bature ta ce ba ita ce uwar Haruna ba? Na yi ta kewaye-kewaye har ta gane da kanta. Ta ce takarda ba ta yi ƙarya ba, gobe za ta je Bakori da ƙafarta.

Aka ɗauki Inna Asabe, wadda ba ta taɓa wuce Zariya ba, aka kai ta wani asibiti a Abuja wanda hukumar nan ta yarda da shi. Da safe a wurinmu, la'asar a can, muka kunna kwamfuta a falon Anti Rabi. Fuskar kwamfutar ta rabu gida-gida: ga jami'ar a ofishinta, ga Inna da Umma a kan benci, ga tafintan da aka ɗauko, Malam Isuhu, mutumin Maraɗi, direban tasi da ke yin tafinta a asibitoci, zaune cikin motarsa a gefen titi. An gargaɗe ni kada in ce uffan.

Malam Isuhu ya gaishe da Inna, ya yi mata ta'aziyya, sannan ya ce, "Iya, madam tana tambaya, shi mamacin mi ne ne gare ki?"

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kalli bango. "Yaron Binta ne."

Ya fassara yadda ta faɗa, don rantsuwa ya yi. Na ga jami'ar ta rubuta. Ta ce a tambaye ta sunansa.

"Ai sun san sunansa," in ji Inna.

Aka sake, ta sake. Anti Rabi ta damƙe gefen kujera. Na ce, "Inna, don girman Allah," jami'ar ta ce in na ƙara magana za ta katse. Ta bayyana cewa in tsohuwar ba ta ce ita ce uwa ba, ba za a ɗauki gwajin ba, magana ta koma hannun alƙali. Malam Isuhu ya fassara, sannan ya ƙara nasa da ba a sa shi ba: "Iya, pardon, in ba ki faɗi ba rufe dosiye za ta yi, fayil ɗin nan nasa. Wata da watanni fa, yana cikin sanyi."

A lokacin na ji haushin kowa. Na ji haushin kamfanin da ya tashi jirgi cikin hazo, da dokar da ba ta san riƙo ba, da al'adar da ta ɗaure bakin uwa shekara arba'in da ɗaya, da kaina da na ga girman kai ya fi gaskiya. Inna kuwa kanta yana ƙasa, tana murza bakin zanenta.

Sai Umma ta juya ta kama hannunta.

"Asabe, dube ni," ta ce. "Yana ɗan shekara biyu kika ba ni shi, ba ki taɓa cewa in dawo da shi ba. Na ci moriyarsa. Ya kai ni Makka, ya rufa mini asiri. Yau kwana talatin da uku yana cikin ƙanƙara, kuma ba ni da abin da zan fito da shi, jinina ba ya yi. Na dawo miki da ɗanki. Karɓi abinki ki sa a rufe shi."

Inna ta sauke mayafin daga fuskarta, ta dubi kwamfutar kai tsaye, abin da ban taɓa ganin ta yi wa shi kansa ba.

"Haruna," ta ce.

"Haruna sunansa. Ni na haife shi, ranar Laraba da hantsi, ana cirar auduga. Yana da tabo a tafin ƙafar hagu, garwashi ya taka yana koyon tafiya. Ni na ɗauke shi, ba kowa a gidan. Duk zuwan da yake yi, ta bayan asabari nake kallonsa har ya fita."

Malam Isuhu ya fara fassarawa, sai ya tsaya. Ya goge ido da hannun riga ya sake farawa. Jami'ar ta cire tabarau ta ce ya isa, ta gode. Likitan Abuja ya matso da audugarsa, Inna ta buɗe baki kamar yarinya.

Kwana tara bayan haka aka ba mu shi, cikin akwati a rufe da ba a yarda a buɗe ba. Liman ya ce a yi masa salla a haka. Mu huɗu muka ɗauka a maƙabartar Musulmi da ke bayan gari, rashin nauyinsa ya sa na kusa faɗuwa. Alhaji Mudi yana sahun gaba, har da share hawaye. Kamfanin jirgin ya aiko da furanni da kati, na ɗauka na ajiye su a bakin ƙofa kusa da kwandon shara.

Da aka gama turbuɗa ƙasa mutane suka fara watsewa, ni na kasa tafiya. Baturiya ta ji, direban tasi ya ji, ni da na jawo duk wannan jinkirin na ji. Mai sunan ne kaɗai bai ji ba, shi da ya roƙi sau ɗaya. Na durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar da takalman mijin Doris a ƙafata.

"Yaya," na ce, "Inna ta faɗa. Sau biyu ma. Jan sunan take yi a ƙarshe, kamar tana kiranka ka zo ka ci abinci."

Sannan na kakkaɓe gwiwoyina na tafi in faɗa wa Anti Rabi an rufe shi.